Amsa ga mai tambaya kan gasar poka ta teburin mutum shida

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce a teburin mutum tara kana daɗewa a gasa, amma da ka shiga ta mutum shida, ko aka ragu a teburin ƙarshe, sai cif ɗinka, wato kuɗin wasan da ake zubawa a tebur, ya yi ta narkewa alhali ba ka yi wani ganganci ba, kana dai zaune kana jiran kati mai kyau. To jiran nan shi ke cin ka.

Ni dai da cif na kyauta nake bugawa, kuma shawarata ka tsaya a kansa. Da kuɗin gaske ya shigo an koma caca, hukuncinta kuwa ba ɓoyayye ba ne a wurinmu. Dabarar duk ɗaya ce, ba abin da za ka rasa.

Ɗauko biro mu lissafa. A ce kana da cif 3,000, kuɗin dole, wanda kujeru biyu ke zubawa bi da bi kafin a raba kati, ƙarami 100, babba 200, sannan kowa yana zuba ante, wato ɗan kuɗin shiga na kowane rabo, 25. A teburin tara, zagaye ɗaya zai ci maka 525, in ka raba wa hannu tara kusan 58 ke nan kowane hannu. A teburin shida zagayen 450 ne, amma hannu shida kacal, wato 75. In kuka ragu huɗu, 100 kake biya duk rabo, ga dolen yana hawa duk bayan 'yan mintuna. Shi kuwa kati bai san an ragu ba. Katin A guda biyu sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221, tagwaye, wato kati biyu masu lamba ɗaya, kowane iri sau ɗaya cikin 17. Dan Harrington, wanda ya ci babbar gasar poka ta duniya, WSOP, a Las Vegas a 1995, shi ya yaɗa lissafin da ake kira M: ka raba cif ɗinka da kuɗin zagaye ɗaya. Naka ya kama kusan 6.7. Ya ƙara da cewa in tebur bai cika ba, a rage lambar daidai da yawan mutane bisa goma, sai naka ya faɗo 4. Wanda ke kan 4 ba shi da sararin zaɓe-zaɓe.

Amma kar ka ji haka ka ce za ka shiga da duk abin da aka raba maka. Kujera ake fara dubawa kafin kati. Kujerar farko a teburin shida tana da mutum biyar a bayanta, can har yanzu sai da hannu mai ƙwari: tagwaye, A da babban kati, manyan kati masu fure ɗaya, wato alama iri ɗaya. Da ka matsa kusa da botin, wato kujerar mai rabo wadda kujerun dole biyu ke bi mata, sai ka sassauta. A kan botin, in kowa ya zubar, ni kusan rabin katin da ke zuwa nake ƙari da shi, don mutum biyu ne kawai suka rage, kuma bayan an buɗe kati a tsakiyar tebur ni zan yi magana a ƙarshe har hannun ya ƙare. Wannan damar ta fi K da J daraja a idona.

Ga abin da ya sa satar dole take biya. A misalinmu akwai 450 a tsakiya kafin kowa ya motsa. Ka ƙara zuwa 400. In suka zubar sau 47 cikin ɗari ka mayar da kuɗinka, ko da takardar banza ce a hannunka, balle kuma wani lokacin za su bi ka ka cinye su. Shi ya sa ba na yin ƙari babba, ninki biyu na babban dole ko ɗan sama da haka ya isa. Kuma in kai ne farkon shiga, ka daina bin dole shiru ba ƙari. Ka bar kuɗin da za ka iya ɗauka nan take, ka kuma ba babban dole damar ganin kati uku kyauta.

Juya lissafin ka ga inda nake zaton kake zubar da cif mafi yawa. Kai ne babban dole, mai botin ya ƙara zuwa 400, ƙarami ya zubar. Akwai 850 a tsakiya, 200 kawai ake nema a wurinka. Kashi 19 cikin ɗari na nasara ya biya wannan farashin. Gaskiya ne za ka riƙa magana kafin shi, wannan yana rage maka, don haka ba kowane tarkace za ka bi da shi ba. Amma 9 da 7 masu fure ɗaya, Q da 8, ƙananan tagwaye, duk abin bi ne. In mai botin ya lura kana zubarwa kullum, ya samu saniyar tatsa.

Bayan an buɗe ukun farko, ka tuna mai kati biyu daban-daban sau ɗaya cikin uku kawai yake dacewa da tagwaye. Sauran sau biyun bai samu tagwaye ba, kamar kai. In kai ka yi ƙari tun farko kuma mutum ɗaya ne ya bi ka, zuba kashi ɗaya cikin uku na abin da ke tsakiya yakan isa, musamman a kan kati irin K, 7, 2 masu fure daban. In aka buɗe 9, 8, 7 biyu na fure ɗaya kuwa, ja birki, irin wannan mai bi ya fi dacewa da shi. Tagwaye na biyu, wato dacewa da kati na biyu a girma cikin waɗanda aka buɗe, da kake jefarwa a teburin tara, nan sau da yawa shi ne kan gaba.

Wani abin da nake so a teburin shida shi ne mutum biyar ne kawai za ka karanta, kuma kuna ta karo da juna. Wanda ke hagunka ya fi muhimmanci. In mai tsoro ne, yi ta ɗaukar dolensa. In mai mayar da ƙari ne, rage sata, ka jira shi da hannun da zai iya tsayawa. Wanda ba ya zubarwa kuma kar ka yi masa burga ko sau ɗaya, ka samu kati ka sa ya biya.

Da cif ɗinka ya sauko ninki goma na babban dole, ko ƙasa, zaɓi biyu ya rage: ka tura duka ko ka zubar. Ka yi ƙoƙari kai ne mai turawa, don mai turawa yana ci ta hanya biyu, ko a zubar masa ko katinsa ya yi nasara. Mai bi hanya ɗaya gare shi. A kan botin da ninki takwas, duk wani A ko tagwaye na tura.

Wuri ɗaya ne nake ce maka ka danne zuciyarka, bakin kyauta. Ƙaramar gasar mutum shida galibi biyu take saka wa, na ɗaya kashi 65, na biyu 35. Kun rage uku: babba yana da 5,000, kai 3,200, ɗayan 800. Babba ya tura duka, kana riƙe da A da J. Zubar. Ko kana gabansa, ratar ba ta da yawa, in ka faɗi ka fita hannu rabbana, ga mai 800 dole na shirin gamawa da shi. Cif ɗin da za ka rasa ya fi wanda za ka ci tsada a nan. In kuma kai ne babban, matsa wa na tsakiya ba ƙaƙƙautawa, shi ne ba zai iya bin ka ba.

In kuka rage biyu, mai botin shi ne ƙaramin dole, yana fara magana kafin a buɗe kati, yana rufewa bayan an buɗe. Kowane rabo kana biya, don haka daga botin ka shiga da mafi yawan katinka, K ko Q da kowane ƙaramin kati ma hannu ne. Ka gwada wannan a gasa kaɗan, ka rubuta hannayen da suka ɗaure maka kai tare da kujerarka da yawan cif ɗin kowa, ka kawo mu duba tare.