An cire min ƙullutu a mama, sikanin kuma ya sake nuna wani abu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Shekarata 27 ina aure a Kumo, an min aiki a maman hagu an cire wani ƙullutu da yake zillewa in na taɓa shi, ba ya ciwo, toh bayan sati uku sai na ji wajen ya yi tauri, maigida ya kai ni Gombe aka yi sikanin, mai hoton ya ce akwai ruwa a wurin. Tun ranar wallahi bana barci, dama surukata ta ce ai irin wannan abu in ƙarfe ya taɓa shi yaɗuwa yake yi. Ba su cire duka ba ne ko dawowa ya yi? Sannan kwalbar da suka ba mu da naman a ciki tana nan gida ba mu kai ba saboda halin kuɗi. Daga wata mai karatu a Kumo.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kwantar da hankalinki tukuna. Duk inda aka cire ƙullutu ai rami ake bari a ciki, jiki kuma ba ya son fili, sai ya tara ruwa a wurin, wani lokacin har da ɗan jini, wannan abu ne da ake gani sosai bayan aikin mama kuma mafi yawanci jiki ke shanye shi da kansa cikin 'yan makonni ko watanni, in ya yi yawa yana damunki likita ya zuƙe shi da allura shikenan. Taurin ma kan iya zama tabo ne na ciki. Amma fa ban duba ki ba, don haka ki ɗauki takardar sikanin ɗin ki koma wajen wanda ya yi miki aikin ya taɓa da hannunsa.

Shi sikanin da sauti yake aiki, irin wanda kunne ba ya ji, na'urar ta tura shi cikin jiki ya dawo ya fito da hoto, ba irin hasken eksire ba ne, shi ya sa ake yi wa mai ciki da mai shayarwa ba fargaba. Gwaninsa shi ne raba ruwa da tsoka, ruwa baƙi wuluk yake fitowa. Kuma ga mace mai shekarunki ya fi mamogiram, wato hoton eksire na mama, amfani don maman yarinya a cike yake, hoton eksire ba ya ratsa shi da kyau, mamogiram an fi yi wa 'yan 40 zuwa sama.

A wasu manyan asibitoci har cikin ɗakin tiyata ake shiga da na'urar, likita ya ga iyakar ƙullutun kafin ya yanka, in ya ciro a ɗora na'urar a kan naman a tabbatar abin yana ciki kuma lafiyayyen nama ya zagaye shi ta ko'ina, a leƙa ramin ma ko an bar wani abu, in gefe ɗaya ya yi siriri a ƙara yankewa nan take ba sai an sake dawo da mace aiki na biyu ba. Ya fi amfani ga ƙananan da hannu ba ya ji.

To amma abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki kwalbar nan ce. Haba 'yar uwa! Sikanin zai iya cewa ƙullutu ya fita, amma ba zai iya rantse miki mene ne shi ba, kuma ƙwayoyin daji 'yan mitsi-mitsi da kan rage a gefen yanka ba ya ganinsu, sai an yayyanka naman an duba a madubin likita. Yadda kika kwatanta naki ya yi kama da wanda muke kira fibroadenoma, wanda ya fi yawa a 'yan mata da matasan mata kuma ba daji ba ne, amma kama ai ba ta zama hujja ba, sankarar mama ita ce dajin da ya fi kama mata a Najeriya kuma abin da ke cutar mu shi ne zuwa a makare. Ku kai kwalbar sashen gwajin nama na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe cikin satin nan tare da takardar da likita ya rubuta, 'yan Bauchi kuma akwai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU). Ruwan da ke cikin kwalbar guba ne, kar a zubar kar a canza shi, a ajiye nesa da yara. Maigida dan Allah a daure a nemo kuɗin.

Maganar Hajiya surukarki kuwa, a gaya mata da ladabi, ƙarfen aiki ba ya haifar da daji, ba kuma shi ke yaɗa shi ba, waɗanda ake gani sun rikice bayan aiki galibi tun kafin su zo ciwon ya riga ya yi nisa.

In kin ga wajen ya yi ja da zafi, ko zazzaɓi, ko mugunya na fita, ko kumburin na ƙaruwa da sauri, kar ki jira ranar da aka ba ki, ki tafi asibiti a ranar. In sakamakon naman ya fito ki kai wa likitanki, shi zai faɗa miki yaushe za a sake sikanin.