Tambayoyin Masu Karatu: Dattijon Da Ke Neman Agogonsa

Tambaya: Na kalli fim ɗin Turawa mai suna The Father, inda wani dattijo yake zargin mai kula da shi da satar agogonsa, har ya kai ga kasa gane 'yarsa. Mahaifina ma ya fara cewa muna ɗaukar masa kuɗi, kuma kwanan nan ya ɓace a hanyar dawowa daga masallacin da ya daɗe yana zuwa. Shin abin da fim ɗin ya nuna gaskiya ne, ko gishiri aka ƙara?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Fim ɗin, wanda Bafaranshe Florian Zeller ya ba da umarninsa a 2020, bai ƙara gishiri ba. Gwanintarsa ita ce ya sa mai kallo cikin kan majinyacin: kayan ɗaki suna canzawa ba tare da bayani ba, wata baƙuwar fuska ta shigo ta ce ita ce 'yarsa Anne, har mai kallo ya rasa abin da ya faru da wanda bai faru ba. Anthony Hopkins ya samu kyautar Oscar a 2021 saboda rawar dattijon da ya taka a fim ɗin, yana da shekara 83, kuma a ganina ya cancanta.

Zargin sata yana cikin alamomin da aka fi gani a cutar mantuwa. Mutum yakan ɓoye abu don tsoron kada ya rasa shi, sai ya manta ya ɓoye, idan ya nema bai gani ba sai hankalinsa ya faɗa kan wanda ya fi kusa da shi, wanda galibi shi ne mai wahala a kansa. Saboda haka rantsuwa da gardama ba su da amfani. Gara ki ce, "Baba, bari mu duba tare," sannan ki lura da wuraren da yake yawan ajiya. Tunda ya taɓa ɓacewa, a riƙa sa masa takarda mai lambar waya a aljihu, wani kuma ya raka shi masallaci, musamman da magariba, lokacin da ruɗewar takan ƙaru.

Kada a bar maganar a matsayin gigin tsufa kawai, ko a jingina ta ga sammu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar, kuma nau'in Alzheimer ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Shi wannan ba a samu maganin da ke warkar da shi ba tukuna, amma ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa da illar wasu magunguna suna iya kawo mantuwa irin wannan, kuma ana magance su. Ki kai shi babban asibiti a duba har da hawan jini da siga, domin su ma suna lalata jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa.

Inda labarin fim ɗin ya sha bamban da namu shi ne ƙarshensa, domin Anne ta kai mahaifinta gidan kula da tsofaffi ta koma Paris. A nan nauyin yakan faɗa kan 'ya ɗaya ko suruka. Ki tara yayyenki da ƙannenki tun yanzu ku raba kwana da kuɗin magani.