Hukuncin kawo kwikwiyo gida don gadi

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina zaune Agege da iyalina, cikin daminar nan sau biyu ɓarayi suna haura mana katanga, na farko suka cire batirin mota, na biyu suka yi gaba da ƙaramin janareta. To wani abokina karyarsa ta haihu, yace zai ban kwikwiyo ɗaya in raina ya riƙa mana gadi, amma uwargida tace sam, wai mala'iku zasu daina shigo mana kuma yara zasu riƙa kwasar najasa. Malam meye gaskiyar magana, kuma in ya halatta me zan tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri ɗan'uwa.

Uwargida ba daga kanta ta ƙago maganar ba, sai ka yi mata adalci. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Ibn Umar cewa duk wanda ya ajiye kare, in ba na farauta ko na kiwo ba, kullum ana rage masa ƙiraɗi biyu (wani ma'auni ne na lada) daga ladansa, a ruwayar Abu Huraira an ƙara da karen gona. Kaga ajiye shi don ado ko don kawai yara suna so, kamar yadda muke ganin wasu na ɗora shi a kujerar mota, wannan babu hanya.

Gadin gida ba'a ambace shi a hadisin ba, shi yasa malamai suka yi saɓani. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka tashi muna karantawa a zaure, ta hana ajiye kare a gidajen cikin gari. Amma masu sharhinta sun kawo cewa shi kansa mai littafin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoro, kare ya ajiye, da aka ce masa ai Malik ya ƙi haka sai yace da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Imam Nawawi ma ya rinjayar da halaccin, ƙiyasi akan ukun can, tunda in an yarda ka tsare tumaki da kare to matarka da 'ya'yanka sun fi tumaki, ya kuma ce rainon kwikwiyo don wannan aikin ya halatta. Wannan nake bi, kai da aka haura maka har sau biyu buƙatarka a fili take. Kuma madalla da kyauta ce, domin an hana cin kuɗin kare, duk da Sahnun, malamin Malikiyya, da Hanafiyya sun sassauta akan kare mai amfani.

Toh amma iyakarsa waje. A Muslim, Nana A'isha tace Jibrilu ya yi wa Annabi (SAW) alƙawari bai zo ba, ashe kwikwiyo ne a ƙarƙashin gado, sai da aka fitar da shi. Khaɗɗabi yana ganin karen da aka yi izini da shi baya hana mala'ikun rahama shiga, Nawawi yace hanin ya game duka, mafita shine kar ya taka falo ko ɗakin kwana ko inda ake shimfiɗa sallaya. Wahalar ma a satin farko take, zai kwana yana kuka don kewar uwarsa, yara su fara Baba a shigo da shi mana, ranar da kuka shigo da shi sau ɗaya shikenan ya saba.

Najasa kuma, a mazhabar Malik kare mai rai tsarkakakke ne har yawunsa, in ya shinshini wandonka sallarka na nan. Fitsarinsa da kashinsa sune najasa. In ya sa baki a kwanon ruwa a zubar a wanke sau 7, a ruwayar Muslim ta farko da ƙasa, Shafi'iyya da Hanbaliyya kam najasa suke ɗaukarsa, saboda haka a ware masa kwanonsa, butocin alwala da bokitin ruwa a ɗauke su daga ƙasa.

Kafin ya iso ka gina masa ɗan ɗaki kusa da get, mai inuwa, a ɗaga shi sama kaɗan don kasan ruwan Legas in ya sauko tsakar gida kogi yake zama. A kwashe maganin ɓera da jarkar fetur da wayoyin janareta, kwikwiyo komai taunawa yake. Kar ka raba shi da uwarsa kafin sati 8, ka kai shi wajen likitan dabbobi ayi masa maganin tsutsa da rigakafi, musamman allurar haukan kare da ake yi in ya kai wata 3, wannan a wajena dole ce saboda cutar in ta bayyana a jikin mutum kusan ba'a tashi. Ko yaƙushi ya yi wa yaro a wanke da sabulu da ruwa minti 15 a wuce asibiti, banda tsayawa shafa magani a gida. Albasa da cakulan da ƙashin kaza dafaffe duk suna cutar da shi, a faɗa wa masu zuba masa ragowar abinci.

Ci da shansa yanzu a wuyanka suke. Mace ta shiga wuta akan kyanwar da ta kulle bata ciyar ba, to wanda zai ɗaure kare a sarƙa cikin rana ya tafi kasuwa tun asuba ba ruwa a gabansa, gara ya haƙura ya ɗauki maigadi.

Baka faɗa min ko gidan naka ne kai kaɗai ba. In irin gidan hayar nan ne na ɗaki na kallon ɗaki, kowa da butarsa a tsakar gida ɗaya, sai da yardar mai gidan da maƙwabta, in suka ƙi ka bari. Uwargida kuma ka karanta mata amsar nan ku yi shawara, domin in ka fita ita ce zata wuni da shi.

Wallahu a'alam.