Allurar kashe wuri bayan tiyatar sankarar mama

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. An sa ranar da za a yi wa mahaifiyata tiyatar cire nono saboda sankara, kuma likitan sa barci ya ce zai ƙara mata wata allura a ƙirji domin rage raɗaɗi. Tunda barci za a sa ta, mene ne amfanin wannan allurar, kuma ba ta da haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Maganin barci yana hana ta jin komai ne a lokacin tiyata kawai, da zarar ta farfaɗo kuwa ciwon yankan zai taso. Ita wannan allura aikinta shi ne ta kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙirji da hammata zuwa ƙwaƙwalwa, ta yadda mara lafiya za ta tashi alhali wurin bai gama farkawa ba. Magungunan da aka fi amfani da su su ne bufibaken da rofibaken, saboda suna ɗaukar awanni da dama suna aiki, saɓanin lidoken da ke saurin sakin jiki.

Wani lokaci likitan tiyata ne ke zuba maganin a gefen yankan kafin ya ɗinke. Wani lokaci kuma likitan barci ne ke yin allurar kusa da ƙashin baya, inda jijiyoyin haƙarƙari ke fitowa, ko kuma tsakanin tsokokin ƙirji, dabarar da likita Rafael Blanco ya bayyana a 2011, wadda ake yi ana kallon bakin allurar a na'urar sikanin. Babban abin da nake yaba wa wannan hanya shi ne tana rage buƙatar magunguna masu ƙarfi irin su morfin, waɗanda ke jawo tashin zuciya da amai da kasala da taurin bayan gida. Macen da ciwo bai danne ta ba tana iya jan numfashi sosai, ta yi tari, ta tashi ta taka da wuri, kuma waɗannan duka suna taimaka wa warkewa.

Haɗari akwai shi, sai dai ba kasafai yake faruwa ba. Idan maganin ya shiga jini da yawa, mutum kan ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko ƙara a kunne, ko leɓɓansa su yi sanyi kamar ba nasa ba, kuma dole a sanar da ma'aikatan jinya nan take domin abin yana iya taɓa zuciya. Allurar kusa da ƙashin baya kuma tana iya huda rufin huhu. Ku tabbata kun gaya wa likita idan Hajiya tana shan maganin tsinka jini, ko wata allurar kashe wuri ta taɓa ba ta matsala.

Abin da iyalai suka fi mantawa shi ne allurar za ta sake ta, galibi cikin kwana guda, don haka ta fara shan farasitamol da sauran abin da aka rubuta mata a kan lokaci, kada ta jira sai ciwo ya kama ta. Idan kuma bayan wata 3 tana jin zugi ko ƙuna a hammata da cikin damtse, wannan yakan zama ciwon jijiyar da aka taɓa wajen cire kaluluwar hammata a lokacin tiyatar, yana da maganinsa daban, sai ku mayar da ita asibiti.