Amsa: Yaushe mai ƙyanda zai koma makaranta?

'Yar'uwa, kin ce zazzaɓin ƙyanda ya sauka, kina so ɗanki ya koma aji. Don Allah ki dakata tukuna. Yaro na yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, da kwana 4 bayan fitowarsu, kuma ƙwayar cutar kan zauna a iskar ɗaki har awa 2 bayan ya fita. Ki tuna yadda 'yan ajinsu suke cunkushe a benci ɗaya, wasunsu da ƙanne jarirai a gida da ba su kai wata 9 na rigakafi ba.

Ki sanar da malaminsu, ki kai shi asibiti a ba shi bitamin A saboda idonsa. In numfashinsa ya yi sauri ko ya ƙi shan ruwa, kada ki jira gari ya waye. Allah ya ba shi lafiya.