Amsar Baffa Kan Gigin Tsufa da Binciken Asali

Ɗana, saƙonka ya iso ni a nan Jos. Ka ce kakar yarinyar da kake nema, tsohuwa mai shekara 80 da ɗoriya, ta ruɗe har ba ta gane jikokinta, kuma gwaggonka ta kafe a kan cewa al'adar binciken asali ta wajabta mana janyewa, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kana tambaya ko haka al'adar take.

Binciken asali tsohon abu ne, ni ma an yi mini shi. Magabata sukan tura dattijo ya ji ta bakin maƙwabta da limamin unguwa game da halin gida da sana'arsa, a da har akan tambayi ko akwai kuturta ko taɓin hankali a zuri'ar. Amma ban taɓa jin an fasa aure saboda gigin tsufa ba, domin iyayenmu sun ɗauke shi abin da tsawon rai kan zo da shi, sai su ce tsohuwa ta koma yarinta.

Ina ganin gwajin sikila ne ya rikita gwaggonka. A can lissafin a fili yake: idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila. Cutar mantuwar da likita Bajamushe Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, wadda ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke jawo gigin tsufa, ba haka take bin jini ba. Akwai wata ƙwayar gado, APOE, da nau'inta na huɗu ke ƙara haɗarin kamuwa, kamar ninki 3 ga Baturen da ya gaje shi ta ɓangare ɗaya, wajen ninki 10 ga wanda ya gaje shi ta uwa da uba. Duk da haka, da yawa masu ɗauke da shi suna tsufa su rasu da hankalinsu garau. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan nau'in tun suna lafiya ƙalau, an ga sinadarin amiloyid, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar, yakan fara taruwa musu da wuri, wani lokaci da 'yan bambance-bambance a sashen da ke riƙe tunawa, amma sai an haɗa hotunan mutane masu yawa bambancin ke fitowa, babu likitan da zai dubi na budurwa ɗaya ya yanke mata hukunci.

Akwai abin da ya fi kusa da mu. Tun daga 1992 masana suka riƙa bibiyar tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis ta Amurka, suka tarar cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, alaƙarta da wannan ƙwayar gado kuma ta fi rauni a wurin Yarabawa, alhali nau'in ba baƙo ba ne a jininsu. Shi ya sa nake ganin hawan jini da ciwon suga da taba, waɗanda su ma ke ƙara haɗarin gigin tsufa, kuma ba mu rasa su a namu gidan ba, sun fi cancantar damuwarka. Irin cutar mantuwar da ke bin zuri'a kai tsaye bai kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba, kuma yakan kama mutum tun yana shekara 40 ko 50, ya bi uba ya bi ɗa. Da shi aka gani a gidansu, da na ce ku fara ganin likita.

Binciken da zan yi dabam ne. Ina so in ga wa ke yi wa tsohuwar wanka, wa ke ba ta abinci a baki, ko an kulle ta a ɗakin baya ana raɗe-raɗin maita ko sammu, kamar yadda na taɓa gani a wani gida har yau abin yana ci mini rai. Ranar Asabar bayan la'asar zan je in gaishe ta da kaina. Gwaggonka kuwa ka bar ni da ita, ƙanwata ce.