Tambaya da Amsa: Me zan shimfiɗa a gidan haya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam Injiniya, dan Allah shawara nake nema. Ina da gida da nake ba da haya, waɗanda suka tashi sun bar min shi wallahi kamar an yi yaƙi a ciki, ledar ɗakuna duk ta yayyage, tayil ɗin falo guda shida sun tsage kuma na zaga ban samu irinsu ba. Yanzu gyara zan yi gaba ɗaya, ɗana ya dage wai in sa laminet ya fi kyau, ni kuma hankalina ya fi kwanciya da tayil. Wanne ya fi? Daga Hajiya mai gidan haya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Toh ɗanki bai yi ƙarya ba, laminet akwai kyau, amma fa cikinsa garin katako ne aka matse, ruwa ya kwana a kansa bakin zai kumbura kuma ba ya komawa yadda yake. Da ke za ki zauna sai in ce bismillah, amma ba ki san wa zai shigo ba, wani da yara biyar zai zo. Kafet kuwa kar ma a fara, ƙura da wari yake riƙewa.

Tayil ɗin dai za ki sa, sai dai shi ma suna ya tara. Akwai seramik akwai foselin. Foselin an fi gasa shi a wuta mai ƙarfi, ruwan da yake sha ba ya wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa, shi ya sa ya fi jure wahala, shi nake so a falo da kicin da hanyar wucewa. Seramik ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin yanka, ya wadatar a bango da ɗakin kwana. Ki sa a duba jikin kwali, akwai lambar PEI daga 1 zuwa 5 mai nuna juriyar fuskar tayil ga gogayyar ƙafa, na ƙasa kar ya gaza 3, falo in da hali 4. Banɗaki kuma a nemi mai kaushi, wanda lambarsa ta hana santsi ta kai R10 ko sama, mai sheƙin nan da mutane ke rububi da ya jiƙe santsi ne da shi kamar sabulu.

Kala ki guji fari fat da baƙi ƙirin, dukansu tonon asiri suke, ruwan toka ko ruwan ƙasa mai ɗan zane ya fi ɓoye datti, haka abin cike tsakanin tayil ɗin, in aka sa farin siminti kafin shekara ya koma wata kala.

Maganar guda shidan da suka tsage, ina kyautata zaton ba duka ne laifin 'yan haya ba. Yawanci mai aiki ne ke ɗiga siminti ko gam a kusurwa huɗu ya ɗora ya wuce, ƙasan ya zama rami, ranar da aka ja firij a kai sai ki ji ƙas. In an gama aiki ki ɗauki makulli ki bi kina ƙwanƙwasawa, duk wanda ya yi ƙara kamar ganga a cire a sake kafin ki cika masa kuɗinsa. Kuma wannan karon ki ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awon da aka yi saboda yanka da fashewa, duk kwalayen su kasance lambar kala ɗaya, sannan ki ɓoye kwali biyu a wajenki ba a gidan hayar ba.

TAMBAYA: Malam fenti fa? Duk wanda ya tashi sai na sake fentin gida gaba ɗaya, na gaji. Daga wani Alhaji.

AMSA: Alhaji ka riƙe kala ɗaya tal a duk ɗakunan, ka rubuta lambarta ka ajiye, in bango ɗaya ya ɓaci shi kaɗai za a shafa. Ka sa mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ƙofofi kuma fentin mai. Bayan sink da wajen girki kar ka ɓata fentinka, tayil za ka ɗaga a bangon.